Littafin da Yaya ta so ƙonawa: tarihin Dungeons & Dragons da yadda ya iso tabarmarmu a Nima

Ranar wata Asabar bayan la'asar Yayata ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba ta ce, "Ka zo yanzu ka ga abin da ɗanka ya shigo mana da shi gida." In ta ce "ɗanka" da irin wannan murya, to na san yaron ya yi laifi. In abin kirki ya yi, ɗanta ne. Na hau trotro na nufi Nima.

Na tarar da littafi a kan tabarma, an ture shi can gefe kamar zai yi cizo, ga wata 'yar jaka kusa da shi. Yaron, ɗan shekara 16, yana tsugune a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Littafin na Turanci ne, tsoho, bangonsa ya ci, ya saye shi a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi a nan Ankara, irin waɗanda ake kawowa cikin kwantena daga Turai da Amurka. Sunansa Al-Qadim: Arabian Adventures, bugun 1992. A ciki ga hotunan mutane masu rawani, ga aljanu, ga jadawalin lambobi, ga jerin abubuwan da aka kira sihiri. A cikin jakar kuwa ƙwayoyin jefawa ne irin na ludo, sai dai ba masu fuska shida kaɗai ba: akwai mai huɗu, mai takwas, mai goma sha biyu, har da mai ashirin. Yaya ta riga ta yanke hukunci, tsafi ne da caca a haɗe, ashana kawai take nema.

Na roƙe ta ta ba ni mako biyu in karanta in bincika. Abin da na samu shi ne zan kawo a nan, don na lura ba gidanmu kaɗai abin ya shigo ba. Yara suna ganin wasan a YouTube da kuma fim ɗin nan Stranger Things, iyaye kuma ba su san mene ne ba.

Da farko, ga yadda ake yin sa. Mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur. Ɗaya shi ke riƙe da labarin, ni madugu zan kira shi. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya rubuta a takarda ƙarfinsa, wayonsa da kayan da yake ɗauke da su. Madugu ya ce, "Kun iso bakin wata tsohuwar rijiya, kuna jin kuka daga ciki, me za ku yi?" Wani ya ce zai ɗaura igiya ya sauka. Sai ya jefa ƙwaya mai fuska ashirin. In lamba mai yawa ta fito ya sauka lafiya, in kaɗan ce igiya ta tsinke. Babu allo, babu wanda ya ci wani, babu kuɗi a tsakiya. Tatsuniya ce da masu sauraro ke da baki a cikinta. Littattafan da ake sayarwa iri biyu ne: na dokoki, da kuma na kasada, wato labari shiryayye mai taswira wanda madugu zai bi.

Asalin abin daga wani ƙaramin gari ne, Lake Geneva, a jihar Wiskonsin ta Amurka. A can akwai wani mutum, Gary Gygax, wanda ya rasa aikinsa a kamfanin inshora a 1970 ya koma gyaran takalma a ɗakin ƙasa na gidansa don ciyar da iyali. Abin da ya fi so a duniya shi ne wasan yaƙi da 'yan sojojin gwangwani a kan tebur. A 1971 shi da Jeff Perren suka fitar da wani ɗan littafin dokokin yaƙin zamanin takobi mai suna Chainmail, suka liƙa masa 'yan shafuka a ƙarshe a kan matsafa da dodanni. A jihar Minesota kuma wani matashi, Dave Arneson, ya ɗauki irin waɗannan dokoki ya juya su: maimakon kowa ya jagoranci runduna, sai kowa ya zama mutum ɗaya, su shiga ramukan da ke ƙarƙashin wata fada da ya kira Blackmoor. A ƙarshen 1972 ya je Lake Geneva ya gwada wa Gygax. Daga nan suka haɗa kai.

Kamfanonin wasanni na lokacin ba su karɓa ba. Sai Gygax da abokinsa na ƙuruciya Don Kaye suka kafa nasu a 1973, Tactical Studies Rules, wanda aka fi sani da TSR, kowa ya sa dala 1,000. Kuɗin bai isa bugu ba, sai Brian Blume ya shigo da dala 2,000. Ku riƙe sunan nan, zai dawo. A watan Janairun 1974 aka buga Dungeons & Dragons, kwafi 1,000, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, dala 10 kowane kwali. Kusan shekara aka yi kafin su ƙare. Kaye bai ga abin da ya shuka ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi a Janairun 1975 yana da shekara 36.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da farko su TSR ba su ga kasuwa a littafin kasada ba. Tunaninsu, wa zai biya kuɗi a ƙirƙira masa labarin da zai iya ƙirƙira da kansa? Wasu na waje ne suka gane cewa ɗan makaranta ko ma'aikaci ba shi da lokacin zana taswira duk mako. A 1976 wani ƙaramin kamfani, Wee Warriors, ya fitar da Palace of the Vampire Queen. A shekarar kuma Bob Bledsaw da Bill Owen suka kafa Judges Guild a jihar Ilinoi, suka samu izini daga TSR, suka buga taswirar wani birni sukutum da titunansa da shagunansa da mazaunansa. Da TSR ta ga ana wawason kayan nan, sai ta farga. A 1978 ta fara nata: jerin labarai uku a kan ƙattin samudawa, na farkonsu shafi takwas ne kacal, sai kuma Tomb of Horrors, kabarin da Gygax ya cika da tarkuna don ya ƙasƙantar da 'yan wasa masu alfahari. Har yau ana ba da labarin yadda yake halaka jarumai tun a bakin ƙofa.

Tsarin waɗannan 'yan littattafai yana da ban sha'awa ga duk wanda ya san harkar bugu. Siririn littafi ne, bangonsa ba a manne yake ba, a cikin bangon an buga taswira da shuɗin tawada, madugu ya tsayar da shi a gabansa don kada 'yan wasa su leƙa. Kowanne yana da harafi da lamba, G1, S1, B2, kuma wannan lamba ita ke sa yaro ya ji dole ya nemi na gaba. Mu da muka tashi da littattafan Kano masu na ɗaya, na biyu, na uku, mun san wannan dabara. B2 ɗin nan, The Keep on the Borderlands na 1979, an riƙa saka shi cikin kwalin masu koyo, don haka shi ne ƙofar da ɗimbin yara suka shiga wasan ta cikinta. Akwai kuma B3 na 1981, wanda Jean Wells, mace ta farko mai tsara wasa a TSR, ta rubuta. Manyan kamfanin suka ga hotunan da ke ciki ba su yi musu ba, aka janye bugun aka lalata shi, aka sa Tom Moldvay ya sake rubutawa. Kwafin farko mai bango ruwan lemo da suka tsira, yau masu tara tsofaffin kaya suna biyan kuɗi mai kauri a kansu.

A tsakanin 1977 da 1979 Gygax ya fitar da manyan littattafai uku masu kaurin bango da sunan Advanced Dungeons & Dragons. A bangon na ukun, littafin madugu, hoton wani jan ifritu ne, bayansa kuma Birnin Tagulla, wanda duk wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya ya san shi. Ka ga tun daga tushe suna ɗiba daga rumbunmu. Kalmar "Advanced" ɗin nan kuwa rigima ce a ɓoye: kamfanin ya ce sabon wasa ne daban, don haka Arneson ba shi da kaso. Arneson ya kai ƙara a 1979, aka sasanta a 1981. Kafin nan, a 1977, masu riƙe da haƙƙin kasuwanci na littattafan Tolkien sun yi musu barazanar kotu, dole suka canza sunayen wasu halittu da suka ara ba izini.

Yanzu ga inda labarin ya taɓo Yaya. Tsoron da ta ji, iyayen Amurka sun riga ta ji. A 1979 wani ɗalibin jami'a a jihar Mishigan ya ɓace, mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi zargin wasan ne ya kai shi cikin ramukan ƙarƙashin makarantar. Daga baya aka gano ba haka ba ne, yaron yana da matsalolinsa na daban, amma jaridu sun riga sun yaɗa. Abin dariya, ciniki ƙaruwa ya yi. A 1982 ɗan wata mata, Patricia Pulling, ya kashe kansa, ta ɗora wa wasan laifi, ta kai ƙara kotu ta kora, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi. Wasu majami'u suka ɗauka, aka riƙa wa'azi cewa ƙofar bautar Shaiɗan ce. Babu kotun da ta tabbatar da haka. Amma TSR ta tsorata, a bugu na biyu na 1989 ta cire shaiɗanu daga littattafan, daga baya ta dawo da su da wasu ƙirƙirarrun sunaye, baatezu da tanar'ri. Canza wa tuwo suna ke nan.

A lokacin Gygax ba ya kamfanin ma. Ya tafi Hollywood neman a yi fim da zane mai motsi, ya bar Brian Blume da ɗan'uwansa Kevin suna juya kuɗi. Ya dawo ya tarar da bashi, ya yi ƙoƙarin gyarawa, amma a 1985 'yan gidan Blume suka sayar da hannun jarinsu ga Lorraine Williams, matar da shi da kansa ya kawo ta taimaka da gudanarwa. Mai gyaran takalman da ya ƙirƙiro abin ya wayi gari a waje. Dala 2,000 ɗin nan ta 1973 ita ta buɗe ƙofar da aka fitar da shi ta ciki.

Zamanin Williams shi ne zamanin duniyoyi. Tun 1984 sun ga yadda Dragonlance, na Tracy Hickman da Margaret Weis, ya haɗa littattafan kasada da littattafan labari aka yi ta saye. Sai suka shiga ƙirƙiro duniya bayan duniya: Forgotten Realms a 1987, wata ta jiragen sama jannati a 1989, wata ta hamadar da sihiri ya ƙona a 1991, sai Al-Qadim a 1992, wato littafin da ke kan tabarmar Yaya.

Na karanta shi daga bango zuwa bango, kuma zan faɗi gaskiya, ban ji ƙiyayya a cikinsa ba. Jeff Grubb da Andria Hayday, waɗanda suka rubuta, sun ƙirƙiri wata ƙasa mai suna Zakhara, mai birane da kasuwanni da ayarin raƙuma, inda karɓar baƙo da cin gishirin mutum ke da nauyi, inda ake auna mutum da mutuncinsa. Ana iya zama mamluki, ko ɗan fashin teku, ko wanzami. Wanzami fa! Na yi dariya ni kaɗai, don sun gane cewa wanzami shi ke jin labarin kowa a gari. Akwai kuma wanda suka kira sha'ir, mai aiken aljani, alhali kalmar a Larabci mawaƙi take nufi. Bagadaza ce ta finafinan Amurka da Dare Dubu da Ɗaya, an yi ta da sha'awa.

Amma akwai inda na tsaya na ajiye littafin. Mutanen Zakhara gumaka da yawa suke bauta wa, kuma ɗakin bautarsu an kira shi masallaci. Suna da halifa, suna da birnin da ake kai wa ziyara. Wato an ɗauki rigarmu an cire tauhidi daga ciki. Na fahimci dalilinsu, suna gudun saka addinin gaske cikin wasa, kuma tsarin wasan tun asali a kan alloli da yawa aka gina shi. Sai dai mai karatu Musulmi ba zai wuce wurin nan bai ji wani abu a ƙirjinsa ba, kuma yaro ɗan shekara 16 ya kamata wani babba ya nuna masa wurin ya ce ka ga nan, ba haka ba ne. Shi kansa kamfanin da ya gaji littattafan ya liƙa wa tsofaffin bugu sanarwa a 2020 cewa wasunsu suna ɗauke da son zuciyar zamaninsu game da ƙabilu da al'adu.

Yawan duniyoyin nan yana cikin abin da ya kashe TSR, kuma 'yan kasuwarmu za su gane ciwon nan take. Mai son hamada ba ya sayen littafin jirgin sama, don haka kamfanin ya raba kwastomominsa gida-gida, kowane littafi kuma da kuɗin bugunsa. Sannan akwai yarjejeniyar da suka yi da Random House, mai rarraba musu kaya a shagunan littattafai: da zarar an kai kaya rumbun Random House sai a ba TSR kuɗi, tun kafin a sayar. Abin da bai shiga ba kuma a dawo da shi, ya zama bashi. To in kana neman kuɗin albashi, me za ka yi? Ka buga ƙari ka tura. Haka suka yi ta yi, suna cin kuɗin kayan da ba wanda ya saya. A 1996 kaya suka dawo jibgi, bashi ya kai miliyoyin daloli, maɗaba'ar da ke musu aiki ta ƙi buga ko shafi ɗaya sai an biya ta. Watanni babu sabon littafi.

A 1997 Wizards of the Coast, kamfanin da ya yi arziki da wasan kati na Magic: The Gathering, ya saye TSR. A 1999 kuma Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara, ya saye Wizards a kan kusan dala miliyan 325.

A 2000, tare da bugu na uku, suka yi wani abin da ba a saba gani ba. Wani jami'insu, Ryan Dancey, ya kawo lasisin da ya ba kowa damar amfani da ƙashin bayan dokokin ya buga littafinsa ya sayar ba tare da biyan ko kwabo ba. Lissafinsu shi ne littattafan kasada ba su da riba sosai, a bar wa ƙananan kamfanoni, kowa dai sai ya sayi babban littafin dokoki a wurinsu. Ta wannan ƙofa Nyambe ya fito a 2002, duniya da Chris Dolunt ya gina a kan tatsuniyoyin Afirka. Ta nan kuma kishiya ta shigo: da aka canza dokoki a bugu na huɗu a 2008 mutane da yawa ba su so ba, sai kamfanin Paizo ya ɗauki tsofaffin dokokin ya gyara ya fitar da Pathfinder a 2009. Gygax ya rasu a 2008, Arneson a 2009. Bugu na biyar ya fito a 2014, shi ne yaranmu ke gani a intanet. A kansa ne Allan Cudicio, wanda asalinsa rabi Gana rabi Italiya, ya gina The Wagadu Chronicles, ya tara kuɗinsa daga jama'a a Kickstarter a 2020. Wagadu kuwa sunan tsohuwar daular Gana ne.

A Janairun 2023 labari ya fita cewa Wizards na shirin soke tsohon lasisin nan. Masu wasa suka yi ca, kamfanin ya ja da baya kafin watan ya ƙare, har ya saki ainihin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa. Ma'anarsa a gare mu: duk wanda ya ga dama zai iya juya waɗannan dokoki zuwa Hausa, ya gina labarinsa a kai, ya buga ya sayar, muddin ya ambaci inda ya ɗauko. Mutanen da suka ba duniya Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun 1934 ba su rasa abin zubawa a ciki ba.

Da mako biyun suka cika na koma Nima, amma sai da na bi ta wurin malaminmu tare da yaron, don ni ba mai fatawa ba ne. Maganar tsafi na kawar da ita da kaina: babu wani karatu ko surkulle a littafin, "sihirin" lamba ce da tazarar ƙafa nawa za ta kai. Maganar ƙwaya kuwa ba ta kawu da sauƙi. Akwai hadisi a Sahihu Muslim mai hani mai tsanani a kan nardu, wasan da ake yi da ƙwayoyin jefawa, kuma malamai da yawa sun hana shi ko da babu kuɗi a ciki. Malam ya ce labarin bai dame shi ba in an tsarkake shi daga gumaka kuma bai ci lokacin salla ba, amma ƙwayar yana da ja a kanta. Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, in muka rubuta lambobi a takarda muka zuba a hula fa?" Malam ya yi murmushi ya ce zai duba, kada a ce ya ce. Ni kuwa na tuna cewa a 1979, da ƙwayoyi suka yi wa TSR ƙaranci, 'yan takardu masu lamba suka riƙa sakawa a kwali, a yanka a zuba a kofi.

Yaya ba ta ƙona littafin ba, amma ta ce ba zai kwana a gidanta ba, yana wurina. Jakar ƙwayoyin kuma ta kulle a durowarta. Yaron ya sayi littafin rubutu mai shafi 80 ya fara nasa: ayarin fatake daga Kano zuwa Salaga neman goro, irin hanyar da kakannin da yawa daga cikinmu suka biyo, da 'yan fashi a daji da wata rijiya da ba a ɗiba da dare. Ranar Lahadin da ta wuce ya tara abokansa uku a tsakar gida, ya ce, "Kawu, kai ne wanzamin ayari." Na zauna, aka zuba takardu a hulata. Muna cikin tafiya ya ce rana ta faɗi, ayari zai sauka a bakin rafi. Sai muka ji muryar Yaya daga madafa, ashe tun ɗazu tana saurare: "Wane irin madugu ne zai sauke mutane a bakin ruwa da magariba? Ku matsa kan tudu!"

Muka matsa kan tudu.